Hawan Manyan Duwatsu a Ƙasashen Waje: Bayani da Shawarwari ga Matafiyan Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

A kowace shekara mutane da dama daga ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna fita ƙasashen waje, mafi yawansu domin aikin Hajji da Umra, wasu domin fatauci, wasu kuma domin karatu ko aikin gwamnati. Daga cikinsu akwai waɗanda kan sami kansu a gindin wani babban dutse, sha'awar hawa ta kama su, su kama hanya ba tare da shiri ba. An tsara wannan bayani domin amfanin irin waɗannan matafiya, da iyalansu, da kuma hakimai, dagatai, limamai da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda jama'a kan nemi shawararsu kafin tafiya.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne haɗarin hawan dutse iri biyu ne, kuma maganin ɗaya ba shi ne maganin ɗaya ba. Duwatsun Makka ba su da tsawo ƙwarai, zafi da ƙishirwa da cunkoso ne ke kayar da mutum a kansu. Manyan tsaunuka irin su Kilimanjaro kuwa, ƙarancin iskar numfashi da tsananin sanyi ne matsalarsu. A duka biyun, ƙarfin jiki kaɗai ba ya isa. Manomin da ke yini yana huɗa a fadama yana iya faɗuwa a inda dattijo mai tafiya sannu ya wuce lafiya.

Ƙasarmu da Tudunta

Ƙasar Gobir ta yau shimfiɗaɗɗiya ce. Daga kufan Alƙalawa zuwa Sabon Birni, Gatawa, Isa da sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Rima da rassansa, tudun ƙasa bai wuce kimanin mita 300 daga doron teku ba. Da wannan ma'auni na doron teku ake auna tsawon kowane dutse a duniya, kuma shi za a yi amfani da shi a wannan bayani.

Duk da haka, duwatsu ba baƙi ba ne a tarihin Gobirawa. Kakanninsu sun zauna a ƙasar Asben, wadda ke arewacin Jamhuriyar Nijar, kafin su gangaro kudu zuwa Birnin Lalle, daga bisani Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, birnin da ya kasance hedikwatar Gobir har zuwa 1808. A Asben ne dutsen Bagazan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, kuma babu inda ya kai shi tudu a duk faɗin Nijar. Sai dai jiki ba ya gadon sabo da tudu daga kakannin da suka bar shi ɗaruruwan shekaru. Wanda aka haifa a bakin Rima, jikinsa ya saba da iskar bakin Rima ne, kuma da wannan jikin zai tunkari kowane dutse.

Duwatsun Makka da Madina

Waɗannan su ne duwatsun da mutanenmu suka fi hawa. Jabalin Nur, inda Kogon Hira yake, wurin da wahayi ya fara sauka ga Manzon Allah (SAW), tsawonsa kimanin mita 640 ne. Da yake birnin Makka kansa yana ƙasa da mita 300, abin da mai hawa zai hau bai kai mita 400 ba, amma hanyar miƙaƙƙiya ce, matakalarta ta haura dubu, kuma hawan kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙarfin mutum. Kogon kansa bai kai mita 4 a tsawo ba, ƙofarsa kuma matsattsiya ce, saboda haka a nan ake samun turereniya. A 2023 hukumomin Saudiyya sun buɗe wata cibiyar tarihi a gindin dutsen, inda wanda ba zai iya hawa ba zai ga bayanin kogon da tarihinsa yana zaune a inuwa.

Dutsen Sauru, inda Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a lokacin hijira a shekarar 622, ya kai kimanin mita 750, hawansa kuma ya fi na Jabalin Nur tsawo da wahala. Jabalin Rahama da ke filin Arfa ƙaramin tudu ne da bai wuce mita 70 daga filin da ke kewaye da shi ba, amma a ranar Arfa babu inda ya kai shi cunkoso. A Madina kuwa, abin da maziyarta ke hawa shi ne ɗan tudun maharba da ke gaban dutsen Uhudu.

Malamai sun yi bayani cewa hawan waɗannan duwatsu ba ya cikin rukunai ko wajiban aikin Hajji da Umra. Wanda ya tsaya a cikin iyakar filin Arfa, ko da a cikin tantinsa ne, tsayuwarsa ta inganta. Wannan batu yana da muhimmanci domin a Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a ma'aunin Selshiyos a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba tare da mafaka ba. A 2025 sai aka umarci mahajjata su zauna a tantunansu ranar Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

Kada mutuminmu ya ce ai ya saba da ranar bazarar Sakkwato. A gida mutum yana aiki ne da sanyin safiya, ya koma inuwa da hantsi, randa tana kusa. A kan dutse babu inuwa, dutsen kansa yana mayar da zafi kamar tanderu, ga gajiyar ibada da ƙarancin barci. Saboda haka wanda ya ƙuduri hawa ya kiyaye waɗannan:

1. Ya bari sai ya kammala ayyukan Hajji ya huta, kada ya ƙarar da ƙarfinsa kafin ranakun Mina da Arfa.
2. Ya hau bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya, kada ya hau da tsakar rana. Mai Umrar azumi kada ya hau da rana da azumi a bakinsa.
3. Ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu, da ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake bayarwa a asibiti, ya riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama shi.
4. Ya sa takalmi mai rufe ƙafa da ba ya santsi. Silifa ba takalmin hawan dutse ba ne, musamman wajen saukowa, inda aka fi samun zamewa.
5. Ya tafi cikin ayari, ya sanar da jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa, ya rataya katin shaidarsa a wuya, ya kuma riƙe jakarsa da kyau saboda birran da ke kan dutsen.

Dattawa masu rauni, mata masu juna biyu, masu ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari, asma ko ciwon gwiwa, ya fi musu alheri su tsaya a gindin dutsen. Idan aka ga mutum ya fara jiri, jikinsa ya yi zafi rau, yana magana ba kan gado, to bugun zafi ne. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a kira ma'aikatan agaji nan take.

Abin da Tudu Ke Yi wa Jiki

Idan aka bar duwatsun Makka aka nufi manyan tsaunuka, lissafi ya sauya. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, a ƙasa ko a sama. Abin da ke raguwa yayin da ake hawa shi ne nauyin iskar, wato sai ta yi shakaf, ta yadda kowane numfashi yana kawo wa huhu oksijin kaɗan. A tudun mita 3,000 mutum yana samun kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da yake samu a bakin teku. A mita 5,500 rabi yake samu. A ƙololuwar Everest kuwa kashi ɗaya cikin uku ne kacal. Haka kuma zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000, shi ya sa ake samun ƙanƙara a kan Kilimanjaro alhali ana zufa a gindinsa.

Jiki yana iya sabawa da wannan yanayi. Numfashi yana ƙara sauri, zuciya tana ƙara bugawa, bayan 'yan kwanaki kuma jini yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar oksijin. Amma sabon yana bukatar kwanaki. Wanda ya hau da sauri fiye da yadda jikinsa ke sabawa, shi ke kamuwa da abin da ake kira ciwon tsauni, wanda kan fara bayyana daga tudun mita 2,500 zuwa sama. Alamominsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci, kasala, jiri da rashin barci, kuma sukan bayyana cikin sa'o'i 6 zuwa 12 da isa sabon tudu. Da yake sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, mutuminmu yana iya haɗiyar maganin zazzaɓi ya ci gaba da hawa, wannan kuwa babban kuskure ne. A kan tsauni, duk ciwon kai a ɗauke shi ciwon tsauni ne har sai an tabbatar da akasin haka.

Idan aka yi biris da shi, ciwon yana iya rikiɗewa zuwa ɗaya daga cikin abubuwa biyu masu kisa. Na farko shi ne taruwar ruwa a huhu: mutum yana haki ko yana zaune, yana tari, wani lokaci da kumfa mai ratsin jini, leɓɓansa su yi duhu. Na biyu shi ne kumburin ƙwaƙwalwa: mutum yana tangaɗi, yana ruɗewa, ba ya iya tafiya a kan miƙaƙƙen layi, barci mai nauyi yana fizgarsa. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, a sauko da shi a lokacin, ko da tsakar dare ne, kada a jira gari ya waye, kada kuma a bar shi ya sauko shi kaɗai. Saukowar mita 500 zuwa 1,000 sau da yawa ita ce ke ceton rai.

Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka amince da ita ita ce: bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma ware yini guda na hutu bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wanda ya ji alamun ciwon kada ya ƙara sama sai sun gushe. Akwai magani mai suna Diamox da ke taimaka wa jiki saurin sabawa, amma likita ne zai rubuta shi, kuma ba ya maye gurbin tafiya sannu. A guji maganin barci da ƙwayoyi irin su Tramadol, domin suna rage ƙarfin numfashi a inda ake matuƙar bukatarsa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Gargaɗi na Musamman Kan Sikila

Wannan batu ya shafe mu fiye da Turawan da suka fi yawa a harkar hawan tsauni. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS, da yawa kuma ba su sani ba domin ba ya damunsu a gida. A inda oksijin ya yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jinin irin wannan mutum suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, abin da kan zo da matsanancin ciwo a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ƙishirwa da aikin ƙarfi suna ƙara haɗarin. Saboda haka wajibi ne duk mai niyyar hawan babban tsauni ya yi gwajin rukunin jini, idan AS ne ya sanar da likita da kuma ja-goransa. Mai SS ko SC kuwa, hawan manyan tsaunuka ba nasa ba ne.

Tsaunukan da Ake Zuwa

Mai hankali yana farawa ne daga gida. Birnin Jos yana kan tudun kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun kai mita 1,829. Tudun Mambila a Jihar Taraba, inda garin Gembu yake, ya kai kimanin mita 1,600. Dutse mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka Gumti kan iyakar Kamaru, ana kuma hawansa da rani da izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. Duk waɗannan ba su kai tudun da ciwon tsauni ya fi kamawa ba, amma suna koya wa mutum sanyi, doguwar tafiya da kwana a tanti.

A ƙasar Kamaru akwai dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda ya haura mita 4,000, ana hawansa daga garin Buea. Ya yi aman wuta a 1999 da 2000, yankin kuma ya shiga rikici tun 2016, saboda haka sai an bincika halin tsaro kafin a nufe shi. A Maroko akwai Toubkal, mita 4,167, wanda dusar ƙanƙara ke rufewa da hunturu.

Kilimanjaro da ke Tanzaniya shi ne mafi tsawo a Afirka, mita 5,895. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne suka fara kaiwa ƙololuwarsa a 1889. Ba ya bukatar igiya ko gwanintar hawa, da ƙafa ake takawa, kuma wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane su yi gaggawa. Doka ba ta yarda a hau shi ba sai da ja-gora mai lasisi, ana kuma shirya tafiyar ne ta hannun kamfanonin da ke Moshi da Arusha. Hanyoyinsa sun haɗa da Marangu, Machame, Lemosho da Rongai, tafiyar kuma kan ɗauki kwana 5 zuwa 9. Shirin kwana 5 ya fi araha, amma ga wanda ya taso daga tudun mita 300, shirin kwana 7 ko 8 shi ne mafi aminci. Lokutan da suka fi dacewa su ne Janairu zuwa farkon Maris, da kuma Yuni zuwa Oktoba. Akan tashi daga zango na ƙarshe da tsakar dare cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a gora, domin a isa ƙololuwa da fitowar rana.

Everest, kan iyakar Nepal da Sin, shi ne mafi tsawo a duniya, mita 8,849 bisa awon da ƙasashen biyu suka sanar a Disamba 2020. Edmund Hillary da Tenzing Norgay ne suka fara hawansa ranar 29 ga Mayu, 1953. Sibusiso Vilane ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya kai ƙololuwarsa a 2003, Saray Khumalo kuma ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka a 2019, bayan ta gwada sau uku tana komowa. Hawansa aikin ƙwararru ne mai cin kusan wata biyu da kuɗi masu yawa. Ko zangon da ke gindinsa ta ɓangaren Nepal yana kan tudun mita 5,364, ya kusa kai ƙololuwar Kilimanjaro.

Fatake da ɗalibai su ma su lura. Birnin Addis Ababa, inda matafiyanmu da yawa ke sauya jirgi, yana kan tudun mita 2,355. Wanda ya kwana a can ya ji haki wajen hawa bene, tudun ne, ya rage zirga-zirga ya sha ruwa.

Shiri Daga Gida

Shiri yana farawa ne wata uku kafin tafiya. Da farko a ga likita a babban asibitin ƙaramar hukuma ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a auna hawan jini, sukari, zuciya da rukunin jini. Sannan a fara motsa jiki: tafiyar awa ɗaya zuwa biyu da sassafe da jaka a baya, da hawa da saukar matakalar bene inda ake da shi. A yi wannan a cikin gari. Saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Jihar Sakkwato da Zamfara a shekarun nan, kada kowa ya shiga daji ko ya nufi duwatsun da ke nesa da gari da sunan gwaji.

Game da takardu, ana bukatar fasfo da ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare, da katin allurar rigakafin shawara, mahajjata kuma da allurar sanƙarau. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya ko ta Nepal a filin jirgi, sai ya nema tun yana gida, saboda haka a fara da wuri. A sayi inshorar tafiya da ta ambaci tudun da za a kai da kuma ɗauko majinyaci daga kan dutse. Kada a biya kuɗi ga dillalin da aka gani a intanet kawai sai an tabbatar da rajistar kamfaninsa. Mahajjata kuwa su bi ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha ko kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba lasisi.

Kayan sanyin hunturunmu ba za su wadatar a babban tsauni ba. Ana bukatar tufafi hawa uku, wato na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, da na waje mai tare iska da ruwa, tare da safar hannu, hular sanyi, tabarau mai duhu, tocila ta goshi da bargon kwana na musamman. Ana samun hayar mafi yawansu a garuruwan da ke gindin tsaunukan. Takalmi kaɗai ya kamata mutum ya saya tun da wuri ya taka shi har ya saba da ƙafarsa. A kuma tambayi malamai hukuncin taimama, shafa a kan huffi da sallar matafiyi, domin za a bukace su.

Wajen fita daga gida zuwa Sakkwato, ta Goronyo ko ta Marnona, a yi tafiyar da rana, a motar tasha, bayan an tambayi halin da hanya take ciki a wannan ranar. A isa birni kwana ɗaya kafin tashin jirgi. Mai sha'awar ganin Asben, ƙasar kakanni, ya sani cewa dokokin ƙetare iyaka sun sha sauyawa tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kuma ba a shiga duwatsun sai da izinin hukuma da ja-gora daga Agadas.

Kira ga Shugabanni da Jami'ai

Ana kira ga jami'an alhazai na ƙananan hukumomi da malaman bita su sanya batun hawan duwatsu cikin darussan da ake ba maniyyata, su bayyana musu cewa barinsa ba ya rage ladan Hajji. Ma'aikatan lafiya su riƙa tambayar matafiyi inda zai je da abin da zai yi, su ƙarfafa gwajin rukunin jini. Hakimai, dagatai da masu unguwanni kuma su ja hankalin iyalai kada su riƙa auna cikar Hajjin mutum da hoton da ya ɗauka a bakin kogo, domin wannan yana sa dattawa tilasta wa kansu abin da ya fi ƙarfinsu.

Kammalawa

Tafiya mabuɗin ilimi ce, ganin manyan duwatsu kuma yana ƙara wa mutum sanin girman halitta. Amma kaiwa ƙololuwa rabin tafiya ne, sauran rabin shi ne saukowa da komowa gida. Wanda jikinsa ya gaya masa ya tsaya, ya tsaya, ko da ƙololuwar tana gabansa, domin dutsen yana nan wata shekara. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya, amin.